Harshen Kyamara: Dabarun Haɗa Fim, Sunayensu, da Yadda Suke Juya Tunanin Mai Kallo

A ranar gangamin siyasa, ba abin mamaki ba ne bidiyo biyu su fito daga fili ɗaya, a sa'a ɗaya, su ba da labarai biyu masu karo da juna. A na farko, ɗan takara yana ɗaga hannu a kan mumbari, kawunan jama'a sun cika allo, babu masaka tsinke. A na biyu, wanda abokan hamayya suka yaɗa, an hango filin daga sama: mutane sun cure a kusurwa guda, sauran wurin kuwa fayau. Babu ko ɗaya da aka ƙirƙira. Abin da ya raba su shi ne inda mai ɗaukar hoto ya tsaya, irin gilashin da ya ɗaura wa kyamararsa, da abin da ya ga dama ya bari a wajen allo. Karin maganar "gani ya kori ji" ta zauna daram ne a zamanin da mutum ke gani da idonsa kai tsaye. Abin da ke isowa ta waya a yau, wani ya riga ya zaɓe shi, ya yanka, ya jera.

Waɗannan zaɓe-zaɓe suna da sunaye da ƙa'idoji, kuma iri ɗaya ne ko a fim ɗin soyayya na Kannywood, ko a labaran ƙarfe tara, ko a tallar ɗan takara ta daƙiƙa talatin. Masu sana'ar sun shafe fiye da shekara ɗari suna gina su, tun daga ranar 28 ga Disamba 1895, lokacin da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka karɓi kuɗin shiga suka nuna wa jama'a gajerun fina-finai a birnin Paris na Faransa. Kowane fim nasu bai kai minti ɗaya ba, kyamarar tana kafe wuri guda, babu yanka, babu murya. Duk abin da za a bayyana a ƙasa daga baya aka gano shi.

Firam, ɗauka da fitowa

Fim ba ya motsi. Jerin hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su cikin sauri har ido ya ɗauke su a matsayin motsi. Kowane hoto guda shi ake kira firam. Tun zuwan fim mai magana a ƙarshen shekarun 1920, sinima ta tsaya a kan firam 24 a kowace daƙiƙa. Talabijin a Nijeriya da Nijar da yawancin Turai tana amfani da 25. Idan aka ɗauki firam 120 a daƙiƙa aka nuna su a kan saurin 24, motsin yakan yi sanyi sau biyar, kamar yadda ake gani a maimaicin ƙwallon da ta shiga raga, ko inda jaruma ke waiwayowa a hankali mayafinta na kaɗawa.

Kalmar firam tana da ma'ana ta biyu, wato iyakokin allo guda huɗu. Tsohuwar talabijin tana da siffar 4:3, ta zamani 16:9, bidiyon waya na tsaye kuma 9:16. Wannan na ƙarshe, wanda ya mamaye TikTok da sitatus na WhatsApp, yana cin mutum ɗaya daga kai zuwa ƙafa amma yana zubar da kusan duk abin da ke gefensa, shi ya sa ya fi kowane sauƙin ɓoye mahallin abin da ya faru.

Ɗauka, wadda ma'aikata ke cewa shot, ita ce abin da kyamara ta naɗa daga kunnawa zuwa kashewa, ko abin da ke tsakanin yanka biyu a fim ɗin da aka gama. Ɗauka da yawa da suka faru a wuri ɗaya da lokaci ɗaya su ne fitowa, ko sin a bakin 'yan fim. Ana iya maimaita ɗauka guda sau goma kafin darakta ya gamsu, kuma ɗan allon nan mai baki da ake tafawa gaban kyamara aikinsa biyu ne: yana ɗauke da lambar fitowa da ta maimaici, sannan ƙarar tafawar tana ba mai tace hoto wurin da zai daidaita sauti da hoto. A rubutaccen labarin fim da aka tsara bisa ƙa'ida, ana ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya a allo.

Nisa, kusurwa da gilashi

Ɗaukar nesa tana nuna wuri da mutanen cikinsa baki ɗaya. Idan da ita aka buɗe fitowa, ana kiranta ɗaukar gabatarwa, domin ita ke gaya wa mai kallo inda yake: ƙofar gari, harabar kotu, bakin kasuwa. Ɗaukar tsaka-tsaki tana kamawa daga ƙugu zuwa sama, ita ce ta mai karanta labarai da yawancin hirarraki. Ɗaukar kusa tana cika allo da fuska, ko hannu, ko takarda. Tana da ƙarfi ƙwarai, domin tana tilasta wa mai kallo ya shiga zuciyar wanda aka nuna. A rahoton rikici, ɓangaren da aka nuna fuskokin mutanensa a kusa, ana ganin hawayensu, shi ne ke samun tausayi. Ɓangaren da aka hango daga nesa yana zama gungun mutane marasa suna. Wannan zaɓi yakan wuce ba a lura da shi ba, alhali ya fi kalmomin mai rahoto tasiri.

Akwai kuma ɗauka ta bayan kafaɗa, inda ake ganin mai magana ta gefen kan mai sauraro, da ɗaukar idon jarumi, inda kyamara ke zama idon wani daga cikin mutanen labarin.

Kusurwa ita ce tsayin da kyamara ke kallo daga gare shi. Idan ta yi daidai da idon mutum, tana nuna shi a matsayin tsara. Idan aka sunkuyar da ita ƙasa tana kallon sama, mutum yakan yi girma da kwarjini, sararin samaniya ya zama bangonsa. Idan daga sama take kallonsa, sai ya ƙanƙance ya zama abin tausayi ko abin raini. Babu wanda ya yi amfani da wannan ilimi a siyasa kamar Leni Riefenstahl, Bajamushiyar da ta ɗauki taron jam'iyyar Nazi na 1934 a birnin Nuremberg, fim ɗin da ya fito a 1935 da sunan Triumph des Willens. Ta baza kyamarori wajen talatin, aka shimfiɗa mata dogo domin su yi tafiya, aka ɗaura wata a na'urar hawa a jikin sandar tuta. Fim ɗin ya buɗe da jirgin Hitler yana saukowa ta cikin gajimare, sannan a kai a kai ana ɗaukarsa daga ƙasa shi kaɗai, ana ɗaukar mabiyansa daga sama cikin sahu-sahu. Ba a buƙaci mai sharhi ya ce kome ba. Duk mai kallon tallar ɗan takara a yau zai ga jikokin waɗannan ɗauke-ɗauke, sai dai jirgi maras matuƙi ya maye gurbin sandar tuta.

Gilashin kyamara, wato lens, shi ne sirrin bidiyon gangamin da aka fara da shi. Gilashi mai dogon zango, wanda ke janyo na nesa, yana matse tazarar da ke tsakanin abubuwa, har mutanen da ke warwatse su zama kamar suna goga kafaɗa. Gilashi mai faɗi yana yin akasin haka: yana buɗe tazara, ya sa ƙaramin ɗaki ya zama zaure, ya sa taro mai kauri ya yi sako-sako. Muhawarar da aka yi a Amurka a Janairun 2017 kan yawan mutanen da suka halarci rantsar da Donald Trump ta ta'allaƙa ne a kan haka. Hotunan da aka ɗauka daga kan mumbari sun nuna cikar kwari, amma wanda aka ɗauka daga saman hasumiyar tunawa da Washington, aka jera shi da na rantsar da Barack Obama a 2009, ya nuna sarari masu yawa.

Buɗewar gilashi kuma ita ke iyakance zurfin abin da ke fitowa tar. Idan aka buɗe shi sosai, fuskar jarumi za ta fito sarai, bayansa ya dushe. Idan aka tsuke shi, na kusa da na nesa duk za su fito. Dusar da baya ado ne a fim, amma a bidiyon da ake son tantancewa, yana shafe allunan shaguna da gine-ginen da za su nuna inda aka ɗauka.

Motsin kyamara ba shi da wuyar fahimta. Tana iya waiwayawa hagu ko dama tana kan ƙafafunta uku, ko ta ɗaga kai ta sunkuyar. Tana iya tafiya gaba ɗayanta a kan dogo ko a hannun mai ɗauka da na'urar hana girgiza. Zum kuwa ba tafiya ba ce, gilashi ne kawai ke janyo hoto, kuma ido yana gane bambancin ko da mai shi bai san sunansa ba. Abin lura shi ne kyamarar hannu mai rawa: saboda an saba ganinta a fagen yaƙi da zanga-zanga, mai kallo yana ɗaukar girgizarta a matsayin alamar gaskiya. Daraktoci sun san haka, suna girgiza ta da gangan.

Haske da baƙar fata

Tsarin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne na fitila uku. Babbar fitila tana haska fuska daga gefe guda. Ta biyu, mai rauni, tana rage duhun inuwar da ta farko ta jefa. Ta uku tana bayan mutum, tana zana haske a kafaɗunsa da gefen kansa domin ta raba shi da bango. Idan aka kashe ta biyu, rabin fuska yakan nutse cikin duhu, irin hasken da ake yi wa mugu ko mai ɓoye wani abu. Idan aka haska daga ƙasan haɓa, kowace fuska sai ta zama abin tsoro.

A muhawarar talabijin ta farko tsakanin 'yan takarar shugabancin Amurka, ranar 26 ga Satumba 1960, Richard Nixon ya ƙi kwalliyar ƙwararru, ya sa kwat mai ruwan toka da ta saje da bangon ɗakin, gumi kuma ya yi ta tsattsafo masa a ƙarƙashin fitilu. John Kennedy ya sa mai duhu, ya fito ras. Masana na ci gaba da jayayya kan ko wannan ya sauya sakamakon zaɓen, amma tun daga ranar babu ɗan takarar kirki da ke shiga ɗakin talabijin ba tare da mai kula da fuskarsa da tufafinsa ba.

Ga mai ɗaukar hoto a Afirka akwai wata matsala ta daban. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana ba masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, domin su daidaita launi da shi. Ma'ana, farar fata ce ma'auni. Wata mai bincike 'yar Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara akwai koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launukan hajarsu masu duhu ba sa fitowa a talla. Kyamarorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, amma matsalar ba ta gushe ba: a tsakar rana, mutum baƙi sanye da farar babbar riga yana sa kyamara ta auna hasken rigar, fuskar ta zama inuwa. Maganinta faifan mayar da haske ne, ko a koma inuwa, ko a jira hasken hantsi ko na la'asar sakaliya. Mummunar hanyar ita ce a kwarara fitila har fata ta koɗe, ko a ƙara mata fari a kwamfuta lokacin gyaran launi, abin da ke da nasa tasiri a kan yadda 'yan kallo ke auna kyau.

Sauti

Mai kallo yakan jure hoto maras kyau, amma da wuya ya jure muryar da ba ya ji. Wannan ne ya sa ake rataya makirfo a doguwar sanda bisa kan masu magana, ko a maƙala ƙarami a wuyan riga. A garuruwan da janareto da babura ba sa barin kunne ya huta, sau da yawa sai an sake naɗar maganar a situdiyo, ɗan wasa yana bin leɓensa a allo. Ƙarar takun ƙafa, buɗe ƙofa da kaɗawar tufafi ma yawanci daga baya ake yin su. Sana'ar ta ɗauki sunan Jack Foley, wanda ya yi ta a kamfanin Universal na Amurka.

Ana raba sautin fim gida biyu: wanda mutanen cikin labarin ke ji, kamar rediyon da ke kunne a shago, da wanda mai kallo kaɗai ke ji, kamar kiɗan baƙin ciki da muryar mai sharhi. Na biyun shi ne ke gaya wa zuciya abin da za ta ji. Hoton 'yan sanda suna tafiya a jere, idan aka ɗora masa kiɗan jarumta ya zama tallar tsaro. Idan aka ɗora masa kiɗa mai nauyi ya zama barazana. A Kannywood, tsarin waƙa ya bi sawun fina-finan Indiya da aka daɗe ana kallo a sinimomin Kano: mawaƙi yana rera waƙar a situdiyo, jarumi ya hau kanta da leɓe, abin da ake kira mamin.

Tace hoto

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗaukar aiki biyu. Wanda ke yanka fim ya jera shi a kwamfuta mai tace hoto ne, hukumar da ke duba fim kafin ya fita kasuwa ita ma ta tace fina-finai ce, kamar ta ƙasa da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano da ta fara aiki a 2001. Haɗuwar ba ta rasa ma'ana ba, domin su duka biyun suna yanke hukunci ne a kan abin da jama'a za su gani da wanda ba za su gani ba.

Tace hoto shi ne wurin da fim ke samun ma'anarsa, kuma Rashawa ne suka fara bayyana hakan a fili bayan juyin juya halin 1917. Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani shahararren ɗan wasa, Ivan Mosjoukine, fuskar da ba ta nuna kome. Ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar mace a akwati, ya sake haɗa ta da yarinya tana wasa. Kamar yadda ɗalibinsa Vsevolod Pudovkin ya ba da labari, 'yan kallo sun yaba wa ɗan wasan kan yadda ya nuna tunani a kan miyar, da baƙin ciki a kan gawar, da murmushi a kan yarinyar, alhali hoton fuskar guda ɗaya ne aka maimaita. Darasin shi ne, mai kallo da kansa yake ƙulla alaƙa tsakanin hotuna biyu da aka jera, sannan ya rantse cewa a allo ya gan ta. Idan aka nuna gwamna yana dariya, nan take aka yanka zuwa gidajen da ambaliya ta rushe, an zarge shi da rashin tausayi ba tare da an furta kalmar da za a kai kotu ba, ko da dariyar a wani biki ya yi ta wata uku kafin ruwan.

Sergei Eisenstein ya kai wannan dabara, wadda ake kira montaj, ƙololuwa a fim ɗinsa Battleship Potemkin na 1925, kan boren sojojin ruwa na 1905. A fitowar matattakalar Odessa, ya yi ta yanka tsakanin takalman sojoji masu saukowa, fuskokin mata, da keken jariri yana gangarawa, har mintunan suka zama kamar ba za su ƙare ba. An yi kashe-kashe a Odessa a 1905, amma kisan kiyashin da aka nuna a kan wannan matattakala Eisenstein ne ya tsara shi. Duk da haka mutane da yawa sun ɗauke shi tarihi.

Shekara goma kafin nan, a Amurka, D. W. Griffith ya ƙware a wata dabarar, ta yanka tsakanin abubuwa biyu da ke faruwa lokaci guda a wurare daban-daban domin a tsinka zuciyar mai kallo. A The Birth of a Nation na 1915, ya yi amfani da ita wajen nuna mahayan ƙungiyar Ku Klux Klan suna sukuwa domin ceto fararen fata daga baƙaƙe. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta yi zanga-zangar neman a hana fim ɗin. A shekarar ce kuma aka sake kafa Klan a Jihar Georgia, ta riƙa jan sababbin mabiya da shi. Makarantun fim na koyar da shi har gobe, a matsayin misalin gwaninta da kuma misalin ɓarnar da gwaninta ke iya yi.

Yawancin fina-finai ba sa son a lura da yankansu. Domin haka akwai ƙa'idojin ci gaba, waɗanda 'yan fim ke kira kwantiniti. Babbarsu ita ce ƙa'idar digiri 180: a ƙaddara wani layi da ya ratsa mutum biyu masu magana, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya nasa. Muddin ta tsallaka, wanda ke kallon dama zai koma kallon hagu, sai su zama kamar ba sa fuskantar juna. Haka nan akwai mai lura da cewa hular da ke karkace a ɗauka ta farko ba ta miƙe a ta biyu ba, kofin shayin da aka sha rabi bai cika da kansa ba, domin ɗauka biyu da ke maƙwabtaka a allo wataƙila mako guda ne tsakaninsu.

Idan aka cire wani yanki daga tsakiyar ɗauka guda, mutum yakan yi tsalle a allo. Wannan yankan tsalle a da kuskure ne, har Jean-Luc Godard ya mayar da shi salo a 1960, masu bidiyon YouTube kuma suka mayar da shi abin yau da kullum. A aikin jarida yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana nuna wa mai kallo cewa an cire wani abu. Hanyar ɓoye shi ita ce a rufe wurin da hoton cike gurbi, kamar hannun mai magana, ko ɗan jarida yana gyaɗa kai, ko titin da motoci ke wucewa. A ƙarƙashin wannan hoto ana iya ɗinke farkon jimla da ƙarshen wata. Gidajen labarai masu mutunci suna yin haka domin taƙaitawa ba tare da sauya ma'ana ba. Marasa mutunci suna cire kalmar "ba" da shi. Duk inda hoto ya bar fuskar mai magana a tsakiyar magana mai nauyi, akwai dalilin neman cikakkiyar hirar.

Majigi

Arewacin Nijeriya ya fara sanin waɗannan dabaru ne ta hannun hukuma. Majigi, motar da ke zuwa da allo da na'urar haskawa ta kafa a ƙofar fada ko filin gari, kayan aikin gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma sunanta ya samo asali daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitila mai haska hotuna a bango. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas wanda ya shugabanci sashen fina-finan mulkin mallaka da Birtaniya ta kafa a 1939, ya shimfiɗa ƙa'idojin yi wa 'yan Afirka fim: a tafi a hankali, a tsawaita ɗauka, a guji yawan yanka da motsin kyamara da dabarun da a ganinsa za su rikita su. Wato an mayar da rainin hankali ƙa'idar sana'a. Jama'ar da aka ce ba za su gane yanka ba su ne suka cika sinimomi suna bin fina-finan Indiya na sa'a uku cikin harshen da ba su ji.

Fina-finan majigi sun koyar da tsafta da noma, kamar Baban Larai da ya shahara kan noman auduga, kuma gwamnatin Jihar Arewa ta gaji motocin ta ci gaba da nuna ayyukanta da tafiye-tafiyen shugabanninta da su. Iyakar da ke tsakanin shirin gaskiya da wasan kwaikwayo ba ta da kauri a wannan zamani: Daybreak in Udi, wanda aka ɗauka a gabashin Nijeriya a 1949 kan gina ɗakin haihuwa, ya ci kyautar Oscar a rukunin shirin gaskiya, alhali tsararren labari ne aka kwaikwaya. Daga cikin waɗanda suka koyi aiki a wannan tsari ne Adamu Halilu ya fito, wanda ya ba da umarnin Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An gyara fim ɗin aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim ɗin bidiyo na kasuwa kuwa ya soma ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990.

Rabon aiki a masana'antar da ta biyo baya bai bambanta da na sauran duniya ba. Furodusa, ko mai shiryawa, shi ke nemo kuɗi ya ɗauki ma'aikata. Darakta, mai ba da umarni, shi ke da ta cewa a kan wasa da ɗauka. Akwai marubucin labari, mai ɗaukar hoto, mai haske, mai sauti, mai kwalliya da mai sutura. Aikin yana bin zango uku: shiri, inda ake rubutu da neman lokeshan, ɗauka, sai tacewa da haɗa sauti da gyaran launi. A tallar siyasa da shirin gaskiya, sunan da ya fi cancantar a nema a ƙarshen fim shi ne na wanda ya biya.

Ɗauka ɗaya, ba yanka

Tunda yanka ne ke ƙera ma'ana, ɗaukar da ba a yanka ba tana da nauyi na musamman a matsayin shaida. A ranar 25 ga Mayu 2020, Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ta tsaya a gefen titi a Minneapolis ta riƙe wayarta kusan minti goma tana ɗaukar ɗan sanda Derek Chauvin durƙushe a wuyan George Floyd. Sanarwar farko ta 'yan sanda ta bayyana mutuwar a matsayin matsalar rashin lafiya. Bidiyon, wanda babu kiɗa, babu sharhi, babu yanka a cikinsa, ya rushe wannan bayani. An sami Chauvin da laifin kisa a Afrilun 2021, ita kuma hukumar kyautar Pulitzer ta karrama ta a shekarar. A daren 20 ga Oktoba 2020 ma, abin da DJ Switch ta watsa kai tsaye ta Instagram daga mashigar Lekki a Legas ya zama cikin manyan abubuwan da masu bincike suka dogara da su, suna gwada shi da wasu bidiyoyin ta fuskar lokaci da wuri.

Sai dai rashin yanka ba ya wanke bidiyo. Ɗauka tana da farko da ƙarshe, kuma wani ne ya zaɓe su. Ana iya taɓa saurinta: a Mayun 2019 an rage saurin wani bidiyon Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, zuwa kusan kashi 75 cikin ɗari, har maganarta ta yi kama da ta mashayi, miliyoyin mutane suka kalla a Facebook. Ana iya ɗauko bidiyon gaske na wata ƙasa ko wata shekara a laƙaba masa sabon take, kuma wannan ita ce yaudarar da masu tantance labarai suka fi cin karo da ita, domin ba ta buƙatar ƙwarewa. Sannan ga ƙirƙirarriyar basira, wadda a Maris 2022 aka yi amfani da ita aka haɗa bidiyon Shugaba Volodymyr Zelensky na Yukiren yana umartar sojojinsa su ajiye makamai.

Masu tantancewa suna bin bidiyo ne da irin idon da mai tace hoto ke bin sa. Suna tsayar da shi firam bayan firam, su nemi asalin hoton a intanet. Suna duba tsawon inuwa da inda ta fuskanta domin ƙiyasta sa'a, su duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'ai, da ko ƙasa jiƙe take a watan da aka ce rani ne. Suna sauraron sautin bayan fage: idan hayaniyar wuri ta sauya farat ɗaya a tsakiyar jimla, akwai ɗinki a wurin. Ga wanda ya tsinci kansa yana ɗaukar wani abu da zai iya zama shaida, ƙungiyoyin da ke horar da masu sa ido suna ba da shawarar ya riƙe wayar a kwance, ya fara da ɗaukar nesa mai nuna wata alama ta wurin, ya faɗi rana da sa'a da bakinsa idan babu haɗari, ya guji zum da tsayarwa, sannan ya adana asalin fayil ɗin, domin aikawa ta WhatsApp da sauran manhajoji tana rage ingancin hoto, tana kuma goge bayanan lokaci da wuri da wayar ta rubuta a cikinsa.